Tsakanin Bango Biyu

Zane uku Inna ta kora a cikin wata ɗaya, kuma babu wanda ta kora da dalilin da za a iya maimaitawa a gaban mutane. Na farko ta ce ɗakin ya yi kama da asibiti. Na biyu ta riƙe takardar a juye, ta ce tagar tana mata kallon raini. Na uku ko buɗe shi ba ta yi ba, ta ɗora kofin shayinta a kai.

Wadda ta yi zanen mace ce, shekararta goma sha ɗaya tana zana gidaje. Kowa a gidan Injiniya yake ce mata. Ta yi bayani har ta gaji cewa ita zane take yi, daga baya ta bar su da abinsu. Aikin da aka ba ta ba wani babba ba ne: a mayar da tsohon kicin na ƙasa ɗakin kwana mai banɗaki a ciki, don gwiwoyin Inna sun daina shiri da matakala. Guda goma sha bakwai ce tsakanin ɗakinta na sama da tsakar gida, ga shi likita ya ce bayan aikin da za a yi mata nan da wata uku, a keke za ta dawo.

Babban ɗan Inna, mai kemis, shi ya kawo aikin, shi ne kuma haƙurinsa ya fara ƙarewa.

"Injiniya, na huɗu shi ne na ƙarshe," in ji shi. "In ta ƙi shi, zan ɗauke ta ta koma gidana a rufe nan. Akwai ɗaki a ƙasa, babu matakala ko ɗaya."

"Ta san da haka?"

"Ta sani. Ranar da na gaya mata, kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba. Shekara arba'in da shida ke nan tana gidan. Amma me zan yi? In bar ta tana jan jiki a matakala?"

Injiniya tana da wani hali da ya sha hana ta sakewa: abu in ya ƙi daidaita, yana tsaya mata a rai kamar tsakuwa a takalmi. Tsohuwar da ba ta son barin gidanta, ga hanyar zama an shimfiɗa mata har sau uku, ta sa ƙafa ta shure. Wannan bai zauna mata ba. Da ta bincika kanta kuma sai ta tarar da nata laifin. Duk zanen uku a kan tsohuwar takardar gidan ta yi su, wadda mai kemis ya zaro daga akwatin mahaifinsa. Ba ta taɓa sa tef ɗinta a ɗakin ba. Ta ji kunya, don abin da take yi wa sababbin ma'aikata faɗa a kai ke nan.

Ta zo da safe ba tare da ta sanar ba. Ta tarar da Inna a tsakiyar matakala, a zaune, tana saukowa da ɗaiɗai, kofi a rufe a hannu ɗaya.

"Ina kwana, Inna. Kawo in riƙe miki."

"Lafiya lau, 'yar nan. Bar shi, na saba. Wani zanen kika kawo?"

"Yau awo na zo yi."

Inna ta dube ta, ta dubi tef ɗin, ta ci gaba da saukowa. Injiniya ta lura ba sabon kicin tsohuwar ta nufa ba, inda ake girki, kuma ba inuwar tsakar gida ba. Tsohon kicin ta shiga, wanda rabon da a kunna wuta a cikinsa an fi shekara goma. Akwai wata 'yar kujera a gindin wani tsohon kabad da ya jingina da bangon ƙarshe, nan ta zauna tana haki.

"Kullum kike saukowa nan?"

"Iska ce ke min daɗi."

Ɗakin taga ɗaya gare shi, ita ma a toshe da kwali.

Injiniya ta ba ta bakin tef ta riƙe, ta ja zuwa ƙofa, ta rubuta. Ta auna faɗi, ta auna tsawo, ta auna kaurin bango a bakin ƙofa. Sannan ta fita lungun da ke gefen gidan. Daga waje ginin dogo ne guda ɗaya, rufi ɗaya, sai dai a tsakiya fenti ya canza: rabin su Inna ruwan ƙasa, ɗaya rabin kore. Ta maƙala tef a kusurwa ta ja har inda launin ya canza, ta haɗa lissafi a tsaye.

Inci goma sha huɗu sun ɓata.

Ta sake. Ta canza tef ta sake. Ciki ya fi waje gajarta da inci goma sha huɗu, bayan an cire kaurin kowane bango. A takardar akwatin babu wannan giɓin. Maimakon ranta ya ɓaci, sai ta ji wani daɗi ya kama ta, irin na wanda ya ji motsi a ɗakin da aka ce ba kowa. Ɗaki ba ya cinye kansa. In inci goma sha huɗu ba sa ciki kuma ba sa waje, to suna wani wuri.

Ta koma ta ƙwanƙwasa bangon ƙarshe da bayan yatsa. Ya amsa da sauti irin na tulun da ba ruwa.

"Inna, me ke bayan bangon nan?"

"Mutane."

"Kafin a kai ga mutanen fa?"

Inna ta gyara zama ta kare kabad ɗin da jikinta. Sai a lokacin Injiniya ta dube shi da kyau. Ƙofofinsa na sama sun yi tsatsa, ƙura ta kwanta a kai. Ta ƙasa kuwa mariƙinta sai sheƙi yake, kuma wani ya ɗiga mai a maƙalanta kwanan nan.

"Babu komai a ciki sai kyankyasai," in ji Inna.

"Kyankyasan da ake sa wa ƙofarsu mai?"

Inna ta buɗe baki za ta ba da amsa, sai wani sauti ya fito daga cikin kabad ɗin, ƙurrr, kamar ana jan faranti a kan katako. Bayansa wata siririyar murya ta biyo, daga can cikin bango.

"Yaya? Yau kin makara. Lafiya dai?"

Tsohuwar ta rufe ido. Da ta buɗe, sai ta sunkuya da ƙyar ta ja ƙofar, ta zame wani falle na katako da ke bayan kabad ɗin. Rami ne, girman bulo ɗaya. A bakinsa ga ƙaramin faranti da kofi wankakke.

"Lafiya lau, Ƙarama. Baƙuwa gare ni. Ga shayinki, kada ki bari ya huce."

Ta ɗora kofin da ta sauko da shi, ta zaro wata tsohuwar sandar labule ta tura farantin a karkace har ya ɓace. Injiniya ta durƙusa ta haska tocilar wayarta. Bango biyu ne, ba ɗaya ba. Tsakaninsu fili ne mai duhu, ƙafa biyu da 'yan kai, kuma wani dogon katako ya tashi daga ramin Inna ya hau a karkace zuwa dama, inda wani ramin yake, nesa da wannan da kusan ƙafa uku.

"Tunda kin gani, zauna," in ji Inna. "Tsayuwarki a kaina tana sa min ciwon wuya."

Labarin bai da tsawo. Wa da ƙane ne suka gaji gidan, suka zauna tare da matansu, kicin ɗaya, babba. Wadda ke bayan bangon facalar Inna ce, matar ƙanen mijinta. Shekara goma sha biyar suna girki kafaɗa da kafaɗa. Sai mazan suka yi faɗa, faɗan ya ƙi mutuwa, aka kira magini ya raba gidan. Da maginin ya ja layi a tsakiyar kicin, wan ya ce ko ƙusa ba zai kafa a bangon da ƙanensa ke jingina da shi ba. Ƙanen ya ce shi ma haka. Kowa ya ja da baya daga layin ya tayar da nasa bangon, ƙanen ya fasa ƙofa ta titin baya, aka hana mata da yara gaisawa.

"Da wuƙar kicin na cire bulon nan," in ji Inna. "Mako uku ina ƙwaƙula, in mijina ya fita aiki. Ita ma tana yi ta can. To mu ba mu da tef irin naki. Da muka gama, nawa ya faɗo nan, nata ya faɗa can. Muka yi ta dariya a cikin bango kamar mahaukata."

"Shekara nawa ke nan?"

"Talatin da ɗaya."

"Amma ai mazan sun rasu."

"Sun rasu sun bar wa 'ya'yansu faɗan. Ɗana in ya hango nata a hanya, sai ya tsallaka titi. Kuma kafin su rasu ƙafafunmu sun riga sun gaji da zagaye." Ta shafa gwiwarta. "Ɗanta direba ne, sai ya yi mako ba ya gida. Surukarta tana fita aiki tun da sassafe. Ita Ƙarama kuma ƙirjinta ba shi da kyau. In na tura kofi ya dawo, na san ta tashi. In na bar gidan nan, wa zai sani?"

Injiniya ta tuna zanenta uku. A dukkansu banɗaki a jikin wannan bangon ta sa shi, saboda nan bututun ruwa yake, da tayil daga ƙasa har sama, kabad ɗin kuma ta rubuta a cire. Sau uku tana kawo wa tsohuwar takardar toshe ramin, tana jiran a yi mata godiya. Abin ya dame ta ƙwarai.

"Kuna ganin juna ta nan?"

"Ta ina? Ba ki ga a karkace yake ba? Muryarta na sani. Sau biyu na hango ta daga nesa, ranar rasuwar mijina da ranar rasuwar nata, kowa a cikin jama'a, kai a sunkuye. In muka miƙa hannu sosai dai, yatsu kan taɓu."

"Inna, ba zan iya ɓoye wa ɗanki ba. Shi zai sa hannu a zanen."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon ramin. Tsoro ne a fuskarta, ba ta kuma ɓoye shi ba.

"To ki gaya masa ina wajen," ta ce. "In zai toshe, ya toshe a gabana."

Mai kemis ya zo da rana, da farar rigarsa ta aiki. Injiniya ba ta yi dogon bayani ba. Ta nuna masa lissafin ciki da na waje, ta miƙa masa tocila. Ya durƙusa yana ƙunƙuni game da wandonsa, ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago, akwai wani ƙaramin kwali a hannunsa da ya faɗa gefen katakon, ya yi ƙura. Kwalin abin shaƙa ne na masu asma. A jikinsa an rubuta da biro: sau biyu in numfashi ya kama.

"Wannan rubutuna ne," in ji shi.

Ya juya ga uwarsa.

"Inna, shekara shida ina kawo miki wannan duk wata. Shekara shida ina sa kunne ko zan ji kin yi tari sau ɗaya. Har likita na kai ki."

"Ai ya ce ƙirjina lafiya lau. Ka ce bai iya aiki ba."

Ya zauna daɓas a ƙasa, farar riga da komai. Kunya ce ta fara kama shi, sai kuma wani ɗan kishi, don ya ɗauka babu abin da uwarsa take ɓoye masa. Ya juya kwalin a hannunsa.

"Wai me ya haɗa su ne? Baba bai taɓa faɗa min ba. Na ɗauka fili ne."

"Bututun ruwan sama. Ko ya zuba ta gefenmu, ko ta gefensu."

"Wane bututu?"

"Wanda ka cire da hannunka ka jefar, shekarar da ka sake rufi."

Injiniya ta sunkuyar da kai tana duba tef ɗinta, don dariya ta taso mata kuma ba wurinta ba ne. Mai kemis ya share fuska da tafin hannu. Da ya yi magana, da ƙarfin mutumin da yake son ya gyara komai kafin la'asar ya yi ta.

"Injiniya, a rushe duka biyun. A sa ƙofa, babba."

"Ba na so," in ji Inna.

"Inna, ke fa nake yi wa."

"Na ji, Allah ya yi albarka. Amma in ka sa ƙofa, sai an nemi ɗanta. Sai an zauna. Sai an tono wa ya ce me, wa zai fara shiga wajen wa. Kafin ku gama mun mutu. Ku maza in kuna son ku shirya, ga titi nan, ku zagaya da ƙafafunku. Mu a bar mana raminmu." Ta juya ga Injiniya. "Abu ɗaya nake so, 'yar nan. In ina kan keken nan ba zan iya sunkuyawa ba. Ki ɗago min shi inda hannuna zai kai."

Zane na huɗu ya ci wa Injiniya kwana tara. Ta ɗauke banɗakin daga bangon ƙarshe ta kai shi ɗaya gefen, ta ciyo ƙafa huɗu daga tsakar gida don keke ya samu wurin juyawa, ta buɗe tagar da aka toshe. Aikin zai ƙaru da mako biyu, mai kemis ya sa hannu. Saura abu ɗaya: ba a ɗaga rami ta gefe ɗaya. Ta ɗauki tef ta zagaya titin baya, tana shirya bayanin da za ta yi wa mutanen gidan.

Surukar Ƙarama ce ta buɗe ƙofa, jaka a kafaɗa za ta fita. Injiniya ta fara kame-kame.

"Maganar ramin ce?" in ji matar. "Shigo. Ni nake share bakinsa duk Asabar. Mijina ma na gaya masa jiya, tunda na ji ana buge-buge. Ya ce a yi a hankali kada ƙura ta tayar mata da ƙirji."

Ƙarama 'yar ƙaramar tsohuwa ce, ta fi muryarta ƙanƙanta. Tana zaune a gefen gado ta bi tef ɗin da ido har aka gama.

"Ke kin gan ta," ta ce a hankali. "Ta yi ƙiba? Da tana da wani tabo a nan, gefen haɓa, mai ya fallatsar mata."

"Yana nan," in ji Injiniya.

A hanyar komawa ta tsaya a lungu, inda fenti ya canza launi, ta buɗe littafinta. An ce mata ta ɗago rami. Ba a ce ta bar shi a karkace ba, ita kuma a rayuwarta ba ta taɓa zana abu biyu da ya kamata su kalli juna ta bar su a baibai ba. Ta ja layi ɗaya miƙaƙƙe ya ratsa bangon biyu, ƙafa uku da inci huɗu daga ƙasa, daidai fuskar mutumin da ke zaune. Da ta nuna wa Inna ta ce mata yanzu zai zama a saiti, tsohuwar ta gyaɗa kai kawai, hankalinta yana kan ko farantin zai wuce.

An sallamo Inna daga asibiti ranar wata Talata. Washegari da safe Injiniya ta zo duba aikin ƙarshe, ta tarar mai kemis ya turo keken har gaban bangon. Kafinta ya yi wa ramin akwati na katako mai santsi daga wannan bango zuwa wancan, da 'yar ƙofa a kowane baki. Inna tana riƙe da kofi a rufe. Tsohuwar sandar labulen tana kan cinyarta, don ta ce kada wanda ya kuskura ya jefar mata.

Ta ja 'yar ƙofar. Haske ya shigo daga can, abin da ramin bai taɓa yi ba. Ta mayar ta rufe da sauri.

"Ana gani," ta ce.

"Na gaya miki zai zama a saiti, Inna."

"Ba ki ce ana gani ba." Ta ɗora kofin a kan cinyarta. Ta taɓa kanta, ta taɓa wuyan rigarta. "Kai, miƙo min ɗankwalin kirki. Ba wannan ba, mai ruwan goro. Yana cikin jaka."

Mai kemis ya kawo. Ta ɗaura, ta kwance, ta sake ɗaurawa. Daga cikin bango aka ƙwanƙwasa sau biyu.

"Yaya? Na ji motsinki."

Inna ta buɗe.

Injiniya tana tsaye a baya, ta kan kafaɗar tsohuwar take hango ɗaya fuskar a ƙarshen akwatin, ita ma da sabon ɗankwali. Mai kemis ya juya yana duba tagar da ba abin da ya same ta.

"Yaya," in ji Ƙarama, "ina haƙoranki?"

"Suna inda gashin girarki ya tafi."

Suka yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu dabam. Inna ta ɗauki sandar labulen don ta tura kofin kamar kullum, ta dube ta, ta miƙa wa Injiniya ba tare da ta waiwayo ba. Ta sa hannu cikin akwatin da kofin, wani hannun ya taho daga can ya tarye shi a tsakiya.

Shayin ranar a nan ya huce, don babu wadda ta saki kofin.